Hamajoɗa Maigadin Dam

Hamajoɗa manomi ne, Bafulatanin da shanu suka ƙare wa tun zamanin kakansa. Gidansa yana cikin wani kwari a bayan Mbamoi, tafiyar hantsi daga Yola. A nan ya auri Baraka, a nan ta haifa masa 'yarsa tilo, Raliya, a nan kuma ta rasu cikin daminar da aka sami 'yancin kai. Ya binne ta a bayan gida, gindin tsamiya, yadda mutanen kwarin suka saba.

Bayan shekara huɗu ma'aikata suka zo da igiyar awo suka kakkafa turaku. Aka ce za a tare rafin a yi dam, don shanu su sami abin sha da rani. Gida bakwai ne a kwarin. Shida suka watse, wasu Jimeta, wasu wajen dangi. Hamajoɗa ya ƙi yin nisa. Da aka nemi maigadi ya miƙa kansa, aka ba shi kakin da ya yi masa yawa, da bukka a kan ganuwar ƙasar da ta tare ruwan. Damina biyu ruwa ya shanye gidansa. Tsamiyar ta mutu a tsaye, kan rassanta kaɗai ake hangowa.

Dam ɗin ba wani babba ba ne, cikin rabin sa'a mutum zai zaga shi. Amma akawuna da malaman makaranta na unguwar Gwadabawa ta Jimeta suka mai da shi wurin shan iska. Ran Lahadi sai su zo a kan kekuna, da gasasshen nama a ƙunshe cikin takarda. Hamajoɗa ne ke shiga gaba. Ya nuna musu mazubin siminti inda ruwa ke tsallakewa in ya cika, ya hau da su dutsen da birai ke zama, ya kai su kuka mai kogo wadda zuma ta yi gida a ciki. In wani ya tambayi busasshen itacen nan na tsakiyar ruwa, sai ya ce, "Tsamiya ne." Sai ya wuce gaba.

A shekarar babban fari, lokacin ana Jihar Arewa maso Gabas, ruwan ya yi ta ja da baya har laka ta tsattsage. Wata safiya Hamajoɗa ya ga duwatsun murhun Baraka sun fito, ga dutsen niƙanta kwance inda ta bar shi. Ya auna taku shida daga kututturen tsamiyar, ya durƙusa ya daɗe yana addu'a. Sannan ya saro ƙaya ya kewaye wurin.

Mai kula da aikin dam ɗin wani obasiya ne, Ɗanburam, mutum mai taushin murya wanda bai taɓa ɗaga wa kowa harshe ba. Wata Lahadi ya zo a mota da baƙi daga Maiduguri, maza biyu da matansu.

"Ku bar birai," in ji shi. "Ku zo ku ga garin da ruwa ya ci. Baba, shiga gaba."

Suka gangara cikin busasshiyar lakar. Ɗaya daga cikin mazan ya ɗora ƙafa a kan dutsen niƙan yana ɗaure takalmi. Matarsa ta nuna ƙayar ta ce, "Wannan kuma lambu ne?"

Hausar Hamajoɗa ta kasuwa ce, da Fulatanci ya tashi. Ya ce, "A'a, Hajiya. Matana ne yana kwance a nan."

Mijin ya kwashe da dariya. "Matarka namiji ne? Sake faɗa mu ji."

Ya sake faɗa, don ya ɗauka ba su gane ba ne. Suka ƙara dariya har ɗaya matar tana share hawaye da gyale. Aka tsayar da shi kusa da ƙayar aka ɗauki hoto.

Da za su tafi ya ji Ɗanburam yana gaya wa baƙin cewa tunda ruwa ya ƙafe, za a kawo katafila a yashe dam ɗin. Hamajoɗa ya bi shi har bakin mota ya tsuguna.

"Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu. In kira liman, mu ɗauke shi mu kai tudu."

"Kada ka damu, Baba. Katafila sai mako mai zuwa." Ɗanburam ya zaro ambulan daga aljihu. "Gobe da sassafe ka kai wannan ofis a Jimeta, hannu da hannu. In ka dawo sai ka nemi limaminka."

Washegari Hamajoɗa ya tafi a ƙasa, ya isa rana ta take. Wani akawu mai suna Apollos ya buɗe ambulan ya karanta, ya dube shi, ya sake duban takardar.

"Bappa, ka san abin da ka ɗauko?"

"Saƙon maigida ne."

"Takardar sallamarka ce. An ce ka tsufa, kuma kana kafa ƙaya a wurin aikin gwamnati. An riga an sa wani." Apollos ya sunkuyar da kai. "An ce kuma ka bar kakin a nan."

Hamajoɗa ya tuɓe rigar ya ninke ta a kan tebur, ya fito da 'yar shara. Wanda aka sa ɗin ƙanin matar Ɗanburam ne, amma wannan sai daga baya ya ji.

Tun kafin ya kai Mbamoi, wajen la'asar, ya jiyo rurin inji. Ya sa gudu, irin gudun da ɗan shekara sittin zai iya. Ya tarar babu kututture, babu ƙaya, babu murhu, sai wawakeken rami ja wur. An ture ƙasar duka an jibge ta a jikin ganuwa, daga wannan kai har wancan.

Ya tsaya gaban katafilar har direban, wani Ya'u, ya kashe inji.

"Ka ga wani abu a gindin tsamiya?"

"Baba, daga saman nan ba a ganin komai. Ni dai an ce in fara daga kututturen."

Kwana uku Hamajoɗa yana tonon jikin ganuwar da fartanya, nan kaɗan, can kaɗan. Ya sami fasasshen kasko da ƙahon saniya. A rana ta huɗu sabon maigadin ya ƙwace fartanyar, ya ce in ganuwa ta ɓalle da damina shi za a kama, ya raka shi har bakin hanya.

Raliya ce ta zo ta tafi da shi unguwar Alƙalawa a Jimeta, inda mijinta ke ɗinki. Aka ba shi ɗakin zaure. Yakan zauna a ƙofa yana tufka igiyar rama, ba ya shiga hirar kowa. Hausar ma ya daina yi, wanda bai jin Fulatanci sai dai ya gaishe shi ya wuce. A shekarar da aka ƙara wa Ɗanburam girma aka mai da shi hedikwata, Hamajoɗa ya kwanta ciwon ƙirji mako biyu ya rasu. Mutum tara ne suka raka shi maƙabartar Jimeta.