Na Tambaye Shi Inda Zan Je In Na Mutu

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare a Gwaram, ni mutum ne mai saurin hawa, mai son a ce na fi kowa kishin addini. Maƙwabcina wani Kirista ne daga kudancin Kaduna, yana da ɗan kemis a bakin kasuwa. Shekara bakwai muna zaune lafiya. Duk Kirsimeti ni yake kawo wa akuyarsa in yanka, don mu Musulmin layin mu iya cin naman.

Ranar da abin ya faru muna cikin fiɗa ne, yana riƙe da ƙafar akuyar ina jan fata. Da wasa na tambaye shi, a addininsu ina zan je in na mutu. Ya yi ta kaucewa, ni kuma na matsa, har na haɗa shi da Allah ya gaya mini gaskiya. Sai ya sunkuyar da kai ya ce abin da aka koya masa shi ne, duk wanda bai karɓi Almasihu a matsayin mai ceto ba wuta zai shiga, babu fita, kuma abin na ci masa rai, shi ya sa kullum yake sa ni a addu'a. Raina ya ɓaci. Na yar da wuƙar, na bar masa akuyar rabi a feɗe, na nufi majalisarmu. A can na ce ya kira mu duka 'yan wuta. Ban faɗi cewa ni na tilasta shi ba, ban kuma ambaci addu'ar ba.

Kafin mako ya zagayo maganar ta kai har garin Fagam, an ƙara mata gishiri. Mutane suka ƙaurace wa shagonsa, magunguna suka lalace a kan kanta, mai gidan haya ya ba shi notis. Wata safiya aka jefi matarsa a bakin famfo, aka fasa mata goshi. Ina ji ina gani ban ce uffan ba, har suka kwashe kaya suka koma Birnin Kudu.

Bayan shekara uku na je can dubiya asibiti. Da na fito na tsayar da ɗan acaɓa, ashe shi ne, ya rame ya yi baƙi. Ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Don in wanke kaina na ce ai shi ya jawo, yaya zan mutunta wanda ke kallona ɗan wuta. Ya ce imaninsa na nan yadda na san shi, amma in gaya masa tsakanina da Allah, a nawa addinin shi ina za shi. Na san amsar, na kuma san ta tun ranar da muka fara gaisawa, amma ban taɓa ganin hakan raini ne gare shi ba. Girman kai ya hana ni neman gafara. Da na koma nemansa bayan wata biyu, 'yan acaɓan bakin asibitin suka ce tirela ta kaɗe shi a hanyar Kano, ya mutu.

Har gobe ban yarda da abin da ya yi imani da shi ba, amma bai taɓa cutar da ni da imanin nan ba. Ni da nawa na tashe shi daga gari, na ɗora shi a kan babur ɗin da ya mutu a kai. 'Yan uwa, ku bar wa Allah hukuncin lahira, ku duba yadda mutum ke zaune da ku. Ni dai na rasa wanda zan roƙa ya yafe mini.