Gayaunar Minista

A gidanmu da ministocin jirgin ƙasa ake lissafin shekaru. In ka tambayi Inna yaushe aka haifi ƙanwata, sai ta ce zamanin ministan da fara ta cinye geron tudu. Jakinmu na farko ya mutu a zamanin ministan da ya biyo bayansa. Ni kaina an yi mini kaciya tsakanin minista da minista, shi ya sa har yau ba a daidaita a kan shekaruna ba. Babu wanda ya taɓa ganin ɗayansu a cikinmu, kuma jirgin ƙasa bai taɓa biyowa ta ƙauyenmu ba, wanda ke gefen Toranke. Amma mun yi musu bauta fiye da masinjojinsu.

Abin ya faro ne ina ƙarami, ban fi ƙotar fartanya tsawo ba. Wasu mutane masu gajeren wando suka zo a mota daga Kano, ɗauke da abin hange mai ƙafa uku. Suka shiga kwarin gonarmu suka kakkafa turaku masu jan kai, daga gindin tsamiya har iyakar maƙwabcinmu. Suka sha furar Inna, suka tafi ba su ce wa kowa komai ba. Direbansu ne ya yi wa wani magana, wanin ya kai wa wani, kafin la'asar duk gari ya san layin dogo zai ratso ta Ajingi ya faɗa Gaya, kuma ta cikin gonarmu zai bi.

Wannan kwarin kuwa shi ne idon gonar. Ko ruwa ya ɗauke, ka tona da yatsa sai ka ji danshi. Kuma shi Baba ya yi mini alkawari tun ina goye zai zama gayaunata, wato ɗan filin da uba ke yanka wa ɗansa ya noma wa kansa bayan an tashi daga gandu, abin da ya fito nasa ne. Na riga na shuka gyaɗa a wurin cikin raina, na sayar, na sayi keke, har na faɗi a kansa na karye.

Baba ya ce a'a. A wurinsa duk inda gwamnati ta kafa turke ya zama amana, ba a zuba masa iri. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa abin kunya ne minista ya zo duba wurinsa ya tarar da ciyawa. Tunda kuma ni aka yi wa alkawarin wurin, ni zan riƙa gyara shi. Haka na zama yaro ɗaya tilo a ƙasar Kano da ke yin noman farko da maimai a gonar da ba a shuka komai ba. Nakan tashi daga gandu bayana kamar an daka sakwara a kai, in gangara kwari in yi wa ƙasa aski. Sa'o'ina suna can suna tugar gyaɗarsu, in na zo wucewa sai su jeru, kowa ya riƙe rigar na gabansa, suna kukan jirgi. Suka sa mini suna sarkin tasha.

Turakun ma ba su bar mu mun huta ba. Gara ta cinye na gwamnati tun daminar farko. Baba ya sassaƙo sababbi da iccen marke, ya shafa musu jar ƙasa a ka, ya kafa a ramukan na da. Kowace bazara haka. Ina jin babu garar da ta ƙoshi a duniya kamar tamu.

Labarin ministoci kuwa daga rediyon ƙofar gidan dagaci yake zuwa. Duk ranar da Baba ya shigo gida da sauri hularsa a karkace, mun san an sake sabo. Akwai wanda aka ce zai kawo injuna masu shan mai a daina ƙona gawayi. Akwai wanda aka ce zai faɗaɗa layin, wannan ya sa Baba ya ƙara wa turakun faɗi, ya ci mana layin dawa guda. Akwai wanda kafin mu iya faɗin sunansa an cire shi. Da sojoji suka karɓi mulki aka daina cewa minista, aka koma kwamishina, amma Baba bai sake baki ba. Ya ce dai soja ba ya jan aiki, a shekarar na share kwarin har ya yi santsi kamar daɓen ɗaki. Lokacin yaƙin basasa ya ba su uzuri, ya ce jiragen suna da abin ɗauka. Bayan yaƙi ya ce suna hutawa. Inna ba ta musu da shi. Takan ce Allah ya kawo su lafiya, ta ci gaba da tankaɗe.

Sai shekarar da ruwa ya yi mana rowa. Geron gandu ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya murɗe kamar igiya. Rumbu ya fara amsa murya in ka yi magana a bakinsa. Kwarin nan kuwa ciyawa sai tsiro take, kore shar, ni kuma ina bi ina kashewa. Tuwon gidanmu ya yi ta ƙanƙancewa har ƙanwata ta ce malmalarta ta ɓata a cikin miya. Ranar nan Inna ta ajiye wa Baba akushi, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba.

"Malam," ta ce, "shi ministan nan, in ya zo, me za mu ba shi ya ci?"

Baba ya jawo akushin. Ya ci loma kaɗan ya rufe akushin. Washegari ya ce in ɗaura wa jaki mangala, za mu je tashar jirgi da ke arewa da mu, tsallaken kogi, a kan layin Nguru. Zai tambayi ma'aikatan da bakinsa yaushe za a fara aikin.

Mun yi tafiya har ƙafafuna suka daina gaishe ni. Kogin ma yashi ne zalla, muka taka muka wuce. Duk hanya ina zana layin dogo a raina, faɗinsa kamar kasuwar Gaya, yana walƙiya. Da muka isa sai ga ƙarafa biyu sirara kwance a rana, wata akuya ta miƙe a tsakaninsu tana tuƙa. Mutane na zaune a inuwa bisa ƙunshin kayansu, wasu sun ce tun jiya suke jira.

Amma ba wannan Baba yake kallo ba. Gefen layin, dama da hagu, kuɓewa ce da yakuwa da wake, an shuka su har dab da duwatsun. Wata kabewa ta yi yaɗo ta ɗora kanta a kan katakon layin kamar gidan ubanta. Wani leburan layi, dattijo mai rigar kaki, yana duƙe a ciki da fartanya. Baba ya yi masa sallama, suka gaisa, ya tambaye shi shukar wace ce. Mutumin ya ce tasu ce, su ma'aikata.

"Minista ya sani?" in ji Baba.

"Wanne daga ciki?"

"To in jirgi ya zo fa?"

"Sai ya wuce mana, Malam. Ai ba ya cin kuɓewa."

Baba ya yi masa zancen layin Gaya. Mutumin ya ce tun yana saurayi yake jin maganar, wataƙila a yi, wataƙila kuma ba a zamaninsu ba. Ya tsinko kuɓewa cikin hularsa ya juye mana a mangala. Baba ya tsaya yana duban kuɓewar nan da ta girma a filin gwamnati na gaskiya, babu wanda ya kama ta. Ni dariya ta cika mini ciki, amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye ta.

Ba mu jira jirgin ba. Muka juyo, Baba a gaba, jaki a tsakiya, ni a baya.

Da safe ya kira ni kwari. Ya tsaya tsakanin turakun da ya sassaƙa da hannunsa, ya daɗe yana murza ƙasar da ƙafa. Lokacin gero ya wuce, na gyaɗa ma haka. Ya miƙo mini ƙwaryar irin wake.

"Shuka," ya ce. "In sun zo ka ce ni na sa ka."

Bai cire turakun ba, waken ne ya hau su. Ƙasar da ta yi shekaru tana hutawa a kan gumina ta ba da wake kamar tana neman gafara. Ko ƙwara ɗaya bai je kasuwa ba. Gayauna tawa ce, amma tukunyar Inna ce ta karɓa, muka ci wake safe da yamma har na fara jin tsoron tsayawa kusa da liman a masallaci. Keke dai har yau a cikin raina yake, amma mun fita daga shekarar da ranmu.

Bana na samo ɗan dashen mangwaro daga Gafasa, na ce zan sa shi a bakin kwarin. Baba ya hana. Ya ce wake da gyaɗa ba laifi, damina ɗaya an kwashe, amma itace yana daɗewa, kuma ya ji a rediyo an sake sabo.