Gudun Abokina, Sunana a Takarda

Shekarun baya, lokacin da tumbina bai kai haka ba, ni ma na taɓa shiga sahun 'yan tsere. Ku daina dariya. Duk wanda ya san ni a Zongo ya san har yau “Shampiyo”, wato zakaran gasa, ake kirana, kuma wasunku sun sha tambayata inda na samo sunan. Yau zan faɗa muku, don wallahi abin ya daɗe yana ci mini rai.

Abokina mahauci ne, ɗan mahauci. Tare muka yi makarantar allo, tare muka sha bulalar malam. Allah ya ba shi ƙafa, ya ba shi numfashi. In yana gudu sai ka rantse ba ya taka ƙasa. Shi ya ja ni cikin harkar, ni kuwa na bi shi ne don in rage teɓa, ba don ina da wani buri ba. Da ya ji labarin wata gasar gudun daji da za a yi a duwatsun Kpalime, kilomita arba'in da wani abu, hawa da gangara cikin gonakin koko, sai ya daina barci mai kyau.

Matsalar ita ce Lahadi. Ranar ce kasuwar nama ta fi ci, kuma ranar ce kaɗai za mu iya zuwa duwatsu. Mahaifinsa mutum ne mai magana ɗaya. A gabana ya ce masa, “Na ba ka Lahadin shekara guda. In ka dawo mini da shaidar cewa wannan gudun naka abin kirki ne, ka ci gaba. In ba ka kawo komai ba, ka ajiye takalman nan ka kama wuƙa kamar kowa, kuma kada in ƙara jin zancen.” Abokina ya ce ya yarda.

Mun sha wuya a shekarar nan, jama'a. Kullum bayan La'asar muna bakin teku ta wajen unguwar Bè, muna gudu cikin rairayi har cinyoyi su fara rawa. Kwana biyu a mako keke muke hawa, don abokina ya ce keke yana buɗe huhu ba tare da ya ci gwiwa ba. Ran Lahadi da an sallame Asuba sai mu ɗora kekunan a saman mota mu nufi Kpalime. Wata ranar kuma in tsiyarsa ta motsa sai ya ce a keke za mu tafi tun daga gida. Rana ɗaya na gwada, ban kai rabin hanya ba na kwanta gindin mangwaro ina salati, wata mai sayar da ayaba tana yi mini fifita da faifai.

A dutse na gane ni ba ɗan gudu ba ne. Hanyar ƙafa ce siririya, ga saiwoyi, ga jan taɓo mai santsi in an yi ruwa. Shi yana haurawa kamar akuya, ni ina rarrafe ina riƙe ciyawa. Daga ƙarshe muka raba aiki. Shi ya bi daji, ni in zagaya ta titi a keke da goran ruwa mai gishiri da sukari da 'yan dabino, in jira shi inda hanyarsa ta ratsa kwalta. Farcen ƙafarsa uku suka yi baƙi suka fita. Takalman gwanjo biyu ya kashe. Ban taɓa jin ya ce wash ba.

A Zongo kuwa mahaukata aka ɗauke mu. In mun wuce majalisa da gajeren wando sai ka ji wani ya ɗaga murya, “Kai, me ya koro ku?” Mahaifiyata ta fi kowa jin zafin wannan. Duk bikin da ta je sai an sami mai tambayarta ko jikin ɗanta da sauƙi.

Saura wata biyu gasar aka buɗe rajista, a wani shago can unguwar Totsi. Nan muka ci karo da abin da ba mu taɓa kawowa a rai ba. Sai da katin shaida. Abokina ba shi da ko takardar haihuwa. A ɗaki aka haife shi, aka yanka rago ran suna, shi ke nan, ba wanda ya je ofis. Ya yi zirga-zirgar neman takardar har ƙafarsa ta gaji, kullum a ce ya dawo mako mai zuwa. Ni kuwa ina da kati, don mahaifina ya yi aiki a tashar jirgin ruwa, ya san darajar takarda.

Ni na kawo shawarar, kada in ɗora wa kowa. Na ce, “Mutumina, me zai hana in yi rajista da katina, kai ka maƙala lambar a ƙirjinka? Wa zai tsaya duba fuska a cikin daji?”

Ya ce, “To Baba fa? Sunanka zai fito.”

Na bugi ƙirji. Na ce, “Ni da bakina zan je in gaya masa. Ko Alƙur'ani ya ce in dafa zan dafa.”

Ranar gasar an kwana ana ruwa, hanya ta zama kunu. Na jira shi a mahaɗa uku. A ta farko yana cikin tarin mutane. A ta biyu gwiwarsa na jini, ya faɗi a gangara, ya karɓi ruwa bai ko tsaya ba. A ta uku na ƙirga waɗanda suka wuce kafin shi, mutum biyar. Na bi shi a keke ina ihu kamar wanda aka yi wa sata, har muryata ta dushe. Kafin ƙarshe ya wuce biyu. Na huɗu ya zo, a gaban mutanen da ke da masu horar da su da takalma masu tsada. Da ya tsallake layin sai ya zube ya yi sujada a cikin taɓo. Ni ma na yi kuka, kuma kukan nan na gaskiya ne.

Na ukun farko aka hau da su dandamali. Sauran aka ce kowa ya je tebur da katinsa ya karɓi takardar yabo. Na je na karɓo. Takarda mai kauri, da zanen dutse, da “na huɗu” da Faransanci, da cikakken sunana har da na mahaifina.

Mun shigo Zongo ana shirin Magariba. Abokina ko tsayuwa ba ya iya yi sosai. Gidanmu ne a kan hanya, sai na ce mu shiga ya sha ruwa ya wanke ƙafa, sannan mu wuce wajen Baba. Ina ajiye jaka yayata ta hango takardar ta zaro. Ita ta yi boko. Ta karanta da ƙarfi, ta sake karantawa, sai ta rangaɗa guɗa. Kafin in buɗe baki maƙwabta sun cika tsakar gida. Mahaifiyata ta karɓi takardar da hannu biyu, ba ta iya karatun ba amma ta san yadda sunana yake a rubuce. Ta sa yatsa a kai tana hawaye. Ta ce, “Ina masu cewa ɗana ya zare? Su zo su gani.”

Na dubi abokina. Yana zaune kan turmi, jini ya bushe a ƙwaurinsa, yana kallona yana jira. Kalma biyar kacal ake buƙata: Inna, ba ni ba ne. Na ce a raina bari mutane su ragu tukuna. Ya jira, ya jira. Can ya miƙe da ƙyar ya ce, “Allah ya sanya alheri, Inna,” ya ja kekensa ya fita.

Na ce gobe da safe zan gyara. Da safe a ƙofar masallaci dattawan da ba su taɓa amsa gaisuwata da kyau ba suka riƙa miƙo mini hannu. Wani mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya kai ni kasuwa ya ƙi karɓar ko sisi. A ranar aka laƙaba mini Shampiyo. Kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi. Tunda nake ba a taɓa nuna ni da yatsa don abin kirki ba.

Kwana uku ina kauce wa layin mahauta. A rana ta huɗu Baba ya aiko a kira ni. Na same shi zaune a bakin teburinsa, abokina na tsaye daga baya yana saran ƙashi, bai ɗago ba.

Baba ya ce, “Zo nan, ɗana. Ka fitar da Zongo kunya, Allah ya yi maka albarka. Amma wannan ya zo mini da wata magana. Wai shi ya yi gudun, sunanka kawai aka ara. Na ce masa takarda ba ta ƙarya. Ya ce in tambaye ka. To ga ni na tambaye ka.”

Saran ƙashin ya tsaya. Mahautan da ke kusa duk suka juyo suna kallona. Na tuna mahaifiyata ta riga ta kai takardar an sa mata gilashi. Na tuna hannayen dattawan nan. Sai na ji kaina ina cewa, “Ai Baba, tare muka yi.”

Kun ji irin ƙaryar matsorata. Ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba, ka bar wa kanka ƙofar da za ka ce ai ban yi ƙarya ba. Baba ya juya ya ce wa ɗansa, “Ka ji ko? Ko a nan ma rufa maka asiri yake yi. Gudu bai karɓe ka ba, ga hassada kuma ka koyo.” Ya yanko hanta mai kyau ya naɗe a takarda ya miƙo mini. Na sa hannu biyu na karɓa, har da godiya. Aka soya a gida, na ci.

Abokina bai sake gudu ba. Keken da muka hau duwatsu da shi aka ɗaura masa akwati a baya, yana kai nama gidajen abinci. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wajen kowa ba, bai daina gaishe ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sai bayan shekara huɗu na iya zuwa wajen Baba, lokacin ciwo ya kwantar da shi. Na durƙusa na faɗi komai. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Ya ce, “Ranar da na tambaye ka ina da ikon ba shi Lahadinsa. Yau me zan ba shi? Tashi ka je.” Mahaifiyata da na gaya mata sai ta sauke takardar daga bango ta kife ta a ƙarƙashin gado. Na ɗauka na kai wa abokina har gida. Ya juya ta, ya duba, ya ce, “Sunan wa ke jiki?” Ya miƙo mini abata.

Mutane suna cewa lokaci yana wanke komai. Ni dai bai wanke mini ba. Na koyi cewa ba sai ka ƙirƙiri ƙarya kake cin amana ba, wani lokaci shirun minti ɗaya ya isa, kuma gaskiyar da aka kawo bayan an gama buƙatarta ba ta da maraba da ruwan da ka kai wa mai gudu bayan an tashi daga gasa. Ina jin haushin masu ofis da suka yi ta juya shi, ina jin haushin Baba da ya fi yarda da takarda a kan ɗansa. Amma in na gama zagaye-zagayena kaina nake dawowa, don ni aka tambaya.

Na faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare a Zongo cewa ba ni na yi gudun ba. Dariya suke yi, su ce Shampiyo akwai tawali'u. Sunan ya riga ya zauna.

Yanzu shi ke riƙe da teburin mahaifinsa. Ya yi jiki, gashinsa ya fara fari, tabon gwiwar nan yana nan. Ran Lahadin da ta wuce na je sayen nama, don na hana kaina zuwa wajen wani mahaucin. Ya ɗago ya gan ni, ya goge wuƙarsa a tsumma, ya yi murmushi kamar yadda yake yi wa kowane mai saye.

Ya ce, “Shampiyo, sannu da zuwa. Wane waje za a yanka maka?”