Zuwa Akwanga a Motar da Ba Ta Shan Fetur

Ana idar da sallar asuba muka ja ƙofa muka kulle, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Waɗanda suka san ni sun san fita ba ta dame ni ba. Ina ɗakina a Mararaba, ina ƙulla zoɓo da kunun aya, duniya ta zo ta same ni a bakin ƙofa. Amma wannan tafiyar ni na nace sai an yi ta da ni, kuma ga dalili.

Shekara guda ke nan ina zubin adashe, ƙarshen watan nan ni ce da kwasa. Maigida kuwa direban tasi ne, irin kore da farin nan, kullum yana tsakanin Wuse da Gwarinpa. Tun da ƙaninsa ya sayi mota mai caji ya rasa sukuni. So yake ya sayar da tasi, ya haɗa da ɗan abin da ya ajiye, in ɗora masa kuɗin adashena kaf, a sayo irinta ta hannu. Na ce ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba, sai na shiga na ji da kunnena. Sai ga labari cewa surukar wani tsohon amininsa ta haihu a ƙauyensu da ke gaba da Akwanga kaɗan. Aka ce to, a je barka da motar ƙanin, maigida ya tuƙa.

Abin da ya fara ba ni haushi shi ne ban ji zuwanta ba. Ni da nake gane tasin maigida tun daga kwana saboda tarin salansarta, sai kawai na ga mota a ƙofar gida kamar an ajiye ta da hannu. Ƙanin ya leƙo ta taga ya ce, "Matar Yaya, ina kunnen naki yau?" Na ce masa motar da ba ta sallama ai ba ta da tarbiyya. A nan ya faɗa mana an ɗauke musu wuta a Gwarinpa kafin batir ya cika, amma kashi tamanin ya ishe mu. Na riƙe wannan maganar.

Hanya ta yi mana daɗi da farko, don masu shiga Abuja ne ke cunkushe a ɗaya hannun, mu muna fita. Wajen Masaka muka wuce wani gidan mai, sai na ji motar ta rage gudu. Maigida ne ƙafarsa ta saba, ta taka birki da kanta. Muka yi ta dariya. Daga nan hira ta koma lissafi. Maigida ya ce abin da yake samu a yini, fiye da rabi a gidan mai yake barinsa. Ga baƙin mai duk wata, ga filogi, ga bakaniken da ya mayar da gidanmu wurin karɓar albashi. Ƙanin ya ce kuɗin wutar da motarsa ke ci a sati bai kai fetur ɗin Yaya na kwana biyu ba, kuma tun da ya saye ta banda taya da birki bai taɓa komai ba. Gaskiya abin ya shige ni.

Sai na tambayi ƙanin batun batir. Ya ce yana shekaru. Na ce in ya mutu fa, nawa ne sabo? Ya ce in kalli dutsen can, ba kyau? Na kalla, dutse ne dai. Maigida ne ya faɗa mini daga baya cewa kuɗin batir kaɗai zai iya sayen tasi irin tamu. Ita motar kuwa, ko ta hannu ce, sai ka haɗa tasinmu uku kafin a fara ciniki. Kuma in ta lalace, bakanikenmu na Mararaba buɗe gaba zai yi ya tsaya yana salati.

A Keffi muka tsaya karyawa. Masa ce da miyar taushe a wajen wata mata mai hannu, ga kunun tsamiya da zafinsa. Masar ta ƙanƙance, kuɗin ya girma, amma ta yi daɗi. Kafin mu gama 'yan acaɓa sun kewaye motar. Wani ya durƙusa yana leƙen ƙasanta, ya ɗago ya ce, "Oga, an sace maka salansa!" Ƙanin ya kusa minti goma yana wa'azin caji, har miyarsa ta huce.

Bayan Keffi hanya ta fara hawa da sauka. Gonakin doya da na rogo ta ko'ina, mata a gefen titi da tiren ayaba da gyaɗa. Ni dai idona na kan lambar batir da ke gaban direba, tana ta sauka kamar ruwa a randa mai tsaga. Can na ji an kashe esi ba tare da an yi shawara da kowa ba. Muka shiga ƙauyen da kashi ashirin da 'yan kai, kuma ko ni da ban yi nisa a boko ba na san abin da ya kawo mu ba zai mayar da mu ba.

Mai masaukinmu manomi ne, Kirista, sun yi zaman haya ɗaya da maigida tun suna samari. Ya rungume shi har hularsa ta faɗi. Matarsa ta ja ni ɗakin mai jego, na ɗauki jaririya, tubarkalla, kumatu kamar an hura. Aka kawo sakwara da miyar agushi da kazar gida wadda suka sa wani maƙwabcinsu Musulmi ya yanka saboda mu. Ana cikin ci ƙanin ya tambayi inda zai jona mota. Ashe ƙauyen sun fi wata ba su ga wuta ba.

Mai gidan bai ko gama wanke hannu ba ya fita. Sai ga shi da babban janareton wani mai walda a baro, ya shiga ɗaki ya fito da jarkar fetur mai lita goma. Ƙanin ya zaro kuɗi. Mutumin ya ɓata rai ya ce, "Oga, ka zo barka gidana ka saya mai? Kar ka zage ni gaban iyalina." Maigida ya yi wa ƙanin ido ya mayar da kuɗin aljihu. Haka abin yake, baƙo ba ya biyan abin da aka yi masa, in ka nace ka ci mutuncin mai gida.

Tun kafin azahar janareto ke ruri har bayan la'asar. Maza suna gindin mangwaro suna hira da ihu saboda ƙara. Ni ina kicin da uwargidan muna ɓare gyaɗa, kuma duk lokacin da aka zo ƙara mai ina jin jarkar. Cikakkiyar jarka tana da muryarta, gum, gum. Wadda ta kusa ƙarewa sai ka ji cakal-cakal. A zuwa na uku na ji an kife ta ana bubbuga gindinta. Sai uwargidan ta leƙa ta bayan kicin, ta yi ƙasa da murya ta ce wa mijinta, "Baba, man injin ban-ruwa ne fa ka juye duka. Tumatir ɗin zai sha me gobe?" Ya ce ta yi shiru, baƙi na ji, Allah zai kawo. Na ci gaba da ɓare gyaɗata kamar kurma.

Da za mu tafi suka cika mana but ɗin mota da doya da gyaɗa da buhun gawayi, ba yadda ba mu yi ba. Na cusa wa jaririya kuɗin sabulu a cikin zani, amma na san wannan na mai jego ne, ba zai je gona ba.

A hanyar dawowa ba esi, ba gudu, tirela ma wuce mu take yi. Mun bar Keffi ƙanin ya ɗauko wayarsa inda yake rubuta duk abin da motar ta ci. Ya ce, "Yaya, ka gani? Zuwa da dawowa, fetur sifili." Na ce masa ya gyara rubutunsa. Motar ta sha lita goma, tumatir ɗin bawan Allah ne ya biya. Na faɗa musu abin da na ji a bayan kicin. Can maigida ya ce, a hankali, lita goman nan da a tasinsa aka zuba, da ta kawo mu har ƙofar gida, kuma da tun azahar mun taso.

Mun iso Mararaba ana kiran magariba, lambar ta koma ja. Ƙanin yana da sauran tafiya zuwa Gwarinpa, ya ce bari ya ɗan jona a wajenmu. Sai a lokacin muka kalli juna. Gidan haya muke, ɗaki takwas, mita ɗaya, ana raba kuɗin wuta bisa yawan ƙwan fitila da kayan da kowa ke da su. Watan jiya saboda dutsen guga aka kusa dambe a tsakar gida. Na ce a gaya mini mota ƙwai nawa za a ƙirga ta. Kuma ko an yarda, wutar ma babu. Haka ya lallaɓa ya tafi, ya kira daga baya ya ce ya isa da ƙyar.

To 'yan uwa, ga abin da tafiyar nan ta koya mini. Ƙanin mijina bai yi ƙarya ba. A wajensa motar tana da sauƙi ƙwarai: gidansa ne, mitarsa ce, unguwarsu ana samun wuta, ofis yake zuwa ya ajiye ta har yamma. Mai wannan halin, in ya iya kuɗin sayenta, a hankali zai fanshe a kuɗin fetur da na bakanike. Mu kuwa tasi ce abincinmu. Duk awar da ta yi a tsaye tana caji, fasinja na shiga motar wani. In kuma da janareto za a cika ta, to fetur ɗin dai muka saya, mun bi ta doguwar hanya ne kawai. Kuɗin mota ba a wajen dillali yake ƙarewa ba, sai ka haɗa da gidan da za ta kwana.

Ban kai ga ba da amsata ba maigida ya riga ni. Washegari yana shan koko ya ce in bar kuɗin adashena, a kai su filinmu na bayan Masaka a ɗora bulo, in mun samu mitarmu sai a sake zancen. Sannan ya kira wani abokin aikinsa mai lodin Akwanga, ya tura masa kuɗi ya sayi lita goma a can ya kai ƙauyen. Muka ce a gaya wa manomin ba biya ba ne, kafin alƙalami ne na kwandon tumatir, in ya nuna a aiko. Da wannan sharaɗin ya karɓa, an ce har da dariya.

Jiya da yamma ina ƙulla zoɓo na jiyo tarin salansa tun daga kwana. Na tashi na ɗora ruwan wanka, kafin ya yi fakin ya yi zafi.