Tiren da Kaka ta bar mini

Jiya na ga ana maimaita musalsal ɗin nan, wasan talabijin na sarakunan Ingila da Faransa, sai na tuna Kaka.

Da la'asar muke kallonsa a gidanmu na unguwar Mansur, tana kurɓar shayi mai na'ana'a. Yaƙi da Faransa bai taɓa damunta ba. Amma ranar da ƙanin sarki ya kulle 'ya'yan wansa don ya hau karaga, sai ta dire kofin shayinta.

"Halas, ya isa haka, ya binti, 'yata, kashe talabijin ɗin," ta ce mini. "Nono ɗaya fa suka sha!"

Nan take ta aika a kira Babana da Baffa. Ta zuba musu shinkafa a tire ɗaya, ta tsaya a kansu har suka cinye. Ni dariya na yi.

Tun da ta rasu, rigimar gadon gidan ta hana su ko gaisawa a masallaci. Ni kuma 'ya'ya maza biyu Allah Ya ba ni, kullum a tiren nan nake zuba musu.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya tsayar da abin da ta hango kafin ya iso kan nawa.