Man da Na Kasa Ci

Direba ne ni lokacin da na sauka Doha, ina jigilar kayan abinci daga wani sito a Mesaimeer. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Matsalata gaggawa: ina so in koma gida a ce na zama wani.

Wani abokin aiki ne ya nuna mini hanya. Mu tsinto kwalaben man zaitun da aka zubar, mu tace man da gidajen abinci suka gama suya da shi, mu ɗiga masa kala, mu manna takarda mai hoton ganyen zaitun. Na fara da 'yan kwalabe, na koma katan-katan. 'Yan uwana Hausawa ne kasuwata, don ba mai duba murfi in ɗan gida ne ya miƙo.

Cikinsu har da Baba Isa, dattijo ɗan Zangon Kumasi, mai gadi a Al Aziziya. Likita ya hana shi mai mai nauyi saboda zuciyarsa, ya ce ya koma man zaitun. Kullum sa mini albarka yake, wai na sauƙaƙa masa. Duk Juma'a yakan dafa shinkafa da miya da man nan a taru a tire ɗaya, ni kuwa sai in ƙirƙiro uzuri, yau ciwon ciki, gobe kafil, wato ubangidana na aiki, na nemana. In koma ɗaki in tura burodi da shayi ni kaɗai, abin yana cina a rai.

Wata Juma'a ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, man nan naka ne. Me ya sa ba ka taɓa cin abincina ba?" Na kasa ɗaga kai. Ya sake ni.

Ba a jima ba ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. A asibiti aka zargi man da yake ci, hukuma ta bi sawun kwalaben har ɗakina. A kurkuku ba wanda ya leƙo ni, kuma ban ga laifin kowa ba.

Da na gama zamana za a sa ni jirgi, na samu wani ɗan garinmu a waya, na tambaye shi Baba. Ya ce an mayar da shi gida a keken marasa lafiya, ba mai lambarsa. Na tuba ga Allah, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Samari, in za ku sayi mai ku duba murfi, ku karanta abin da aka haɗa, arha ba ta ado. Kada ku sayar wa mutum abin da ba za ku iya kaiwa bakinku ba. Ni har yau, duk wanda na ji daga Kumasi yake, sai na tambaye shi ko ya san Baba Isa.