Dashen Barkonon Surukata

Duk faɗin unguwarmu ta Dabokpa, kai har ka dangana da Kanvili, ba a haifi wanda ya kai ni saurin shuka ba. Ina yaro a gonar babana, in na cika aljihu da masara na kama kunya, kafin zabi su ankara an fara shuka na kai ƙarshen gona na dawo ina neman ruwan sha. Na sha faɗar haka a bencin da muke zama gaban mai shayi, ba kuma wanda ya taɓa ƙaryata ni, don duk cikinsu ba wanda ya san gonar babana.

Wannan bakin nawa ne ya sa maiɗakina ta bar min amanar barkononta da za ta tafi Kumasi sunan jaririn ƙanwarta.

Barkonon ba irin na kasuwa ba ne. Wani ɗan gajere ne mai ƙamshi, wanda mahaifiyarta ke nomawa a bayan ɗaki a ƙauyensu, kowace shekara ta ajiye iri. Tsohuwar ta rasu kafin damina. Abin da ya rage ɗan ƙulli ne a tsumma, maiɗakina kuma ta juye shi duka a wani tsohon baho mai huji, ta yi rainonsa da ruwan galan a lokacin da famfon unguwarmu ya daina ko tari. Mu mu yi wanka da rabin bokiti, barkono ya sha ya ƙoshi. Ranar tafiyarta ta kai ni bayan gida ta nuna min filin da ta share. Ta ce da zarar ruwa ya sauka in dasa su da yamma, kada in bari su shaƙe juna a bahon. Ta ƙara da cewa in waɗannan suka mutu shi ke nan, ta tambayi danginta kaf, ba mai sauran irin. Na ce ta tafi hankalinta kwance, aikin ai ba zai kai shan kofin shayi ba.

Ruwa ya sauka bayan tafiyarta, ƙasa ta yi laushi. Sai dai a makon ne ake musun ƙwallo a benci, ni kuwa in ba na nan musu ba ya daɗi. Kowace yamma in leƙa bahon in ce gobe. Da ta kira ta tambaya, bakina ya riga ni, na ce an dasa tuni, har suna gaishe ni da safe.

Ran nan bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Ita ce. Wai ta fasa ƙara kwana, motarsu ma ta wuce gadar Buipe, tana ɗokin ganin barkononta. Na dire kofin shayin. Na ɗaga kai, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, irin wanda in ya sauko sai ya kwantar da duk abin da ke cikin bahon.

Mutum ɗaya ya rage a bencin, abokina mahauci. Ƙato ne, takalminsa ma sai masu yankan taya suke yi masa, kuma na tabbata taya guda ba ta isar ƙafa biyu. Na kama hannunsa na ce rayuwata na hannunsa. Muna hanya na tsara masa aiki irin na gonar babana: ni a gaba, shi a baya. Ni in soka rami in jefa dashe, shi ya bi ya rufe. Ya ce ai shi ma ɗan manomi ne, kafin ya kama wuƙa masara ya fara shukawa.

Na watsa wa bahon ruwa, na tuge manyan na zuba a kwano. 'Yan ƙananan da suka ƙanjame na bar su, da niyyar in zubar a bayan katanga in an gama, don kada su tona min asiri. Fartanya ban gan ta ba, sai na ɗauki dagin da muke kafa zana da shi.

Sai aiki. In soka, in jefa, in taka gaba. Iska ta taso tana ɗaga ledoji sama, zanar maƙwabta tana kaɗawa. A bayana ina jin dim, dim, dim, a jere ba fashi, na ce a raina lallai na samu abokin aiki. Ban waiwaya ba, don babana ya koya min mai saurin shuka ba ya duban baya. Idona ɗaya na kan hadari, ɗaya na kan titi. Duk yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, da ya rage gudu a bakin layinmu sai in ɗauka ita ce. Wayata ta sake ƙara a aljihu, na san ta sauka a tasha ke nan, na ƙi ɗauka. Gumi na shiga min ido, ƙuguna na kuka, walƙiya ta fara, ni kuwa sai ƙara wuta nake.

Na jefa na ƙarshe, na miƙe na riƙe ƙugu, na juyo don in ga lambuna.

Ba ganye ko ɗaya. Filin ya yi sumul kamar an yi masa daɓe, sai sawun taya a jere. Mahauci na tsaye yana share goshi, yana jiran yabo.

Na ce, "Ina barkonon?"

Ya ce, "Yana ciki, Ciyaman. Na danne shi da kyau, ko zabo ba zai tono ba."

Ashe dagi ya zurfafa ramukan, dashen kuma bai wuce ɗan yatsa ba, in na jefa sai ya nutse. Shi kuma ya ja ƙasa da gefen ƙafa ya rufe, ya hau da diddige, yadda ake yi wa masara. Ya ma ba ni haƙuri, wai in jira 'yan kwanaki, duk za su huda ƙasa su fito.

Muka durƙusa muna tono da yatsu. Wanda na fara cirowa ya karye a wuya. Na biyu ya manne da laka kamar an goge shi da dutsen guga. Muna cikin haka na ji yalo-yalo ya tsaya, wannan karon a ƙofar gidanmu. Mahauci ya tuna ya bar nama a tebur, ya bi ta ƙofar baya, ban taɓa sanin yana da gudu ba.

Ta zagayo da jakarta a ka. Ta dubi filin, ta dubi laka a gwiwoyina. Ta sauke jakar, ta tsuguna ta ɗauki wanda ya karye ta riƙe a tafin hannu tana jujjuya shi. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Na fara bayanin hadari da ƙarancin lokaci da yadda ake ƙarancin ma'aikatan kirki a garin nan, ba ta ko dube ni ba. Ɗigon farko ya faɗo. Sai ta tashi ta nufi bahon, ta sunkuya, na ga kafaɗarta ta sauka. 'Yan ƙanjamammun nan da na raina suna nan tsaye. Ta sungumi bahon ita kaɗai, na kai hannu ta kauce, ta kai shi baranda daidai lokacin da ruwa ya ɓarke.

Su ta dasa washegari da hannunta, su ne kuma suka riƙe irin tsohuwa har yau. Amma a yammacin nan ba wanda ya san za su kama. Muna tsaye a baranda, ruwa na cika sawun mahauci ɗaya bayan ɗaya, na ce a hankali, ko ba komai dai an gama aikin kafin ruwa.

Ta gyara zaman bahon ta ce, "Maigida, bara da akuyar maƙwabta ta shiga lambun nan, ta bar min fiye da wannan."